Sofokilis na Kolonus: Rayuwarsa da Taurarin Wasanninsa

Duk ɗalibin da ya ɗauki darasin wasan kwaikwayo, ko a sashen Hausa ko a na Turanci, da wuya ya gama bai ci karo da sunan Sofokilis ba, watau Bayunanen nan da ya rubuta wasan Sarki Odifus. Abin da galibi ake riƙewa game da shi bai wuce abu guda ba, cewa jigon wasanninsa ƙaddara ce, taurarinsa kuwa 'yan tsautsayi ne waɗanda aka yanka wa wahala tun kafin a haife su. Wannan fahimta tana da ƙamshin gaskiya, amma ta gaza. In aka jera rayuwar mutumin da wasanninsa bakwai da suka rage, za a tarar da abin mamaki. Mutum ne mai sauƙin kai, wanda duniya ta yi wa gata tun daga ƙuruciya har kabari, amma ya shafe shekara sittin yana ƙaga mutanen da ba su san lanƙwasa ba. Shekarun zamaninsa da za a ambata duka na kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihissalam, saboda haka lissafinsu raguwa yake yi.

Haihuwarsa da shigarsa fage

An haife shi wajen shekara ta 496 a Kolonus, wani ƙauye mai dawaki da itatuwan zaitun a bayan ganuwar birnin Atina, tafiyar da ba ta kai mil biyu ba. Mahaifinsa Sofilus mai hali ne, saboda haka yaron ya sami tarbiyya irin ta 'ya'yan manya, watau kiɗa da waƙa da rawa da kokawa. Yana ɗan shekara goma sha shida mutanen Atina suka kwashe iyalansu suka bar wa Farisawa gari suka ƙone, sa'an nan suka juyo suka karya jiragen ruwan Farisa a mashigin Salamis a shekara ta 480. An ruwaito cewa shi aka zaɓa ya ja samari waƙar godiya a bikin nasarar, da molo a hannunsa. Ke nan ya buɗe ido ne daidai lokacin da tauraron garinsu yake hawa.

Wasan kwaikwayo a Atina sha'ani ne na hukuma da na addini. Kowace shekara da bazara akan yi bikin gunkinsu Diyonisus, a zaɓi marubuta uku, kowanne ya kawo wasanni uku na ban tausayi da guda na raha, a nuna su a fili a gindin dutsen da ke tsakiyar birni. Wani attajiri shi ake ɗora wa kuɗin horar da 'yan amshi, alƙalai kuwa da ƙuri'a ake fid da su. Maza ne kaɗai suke fitowa, kowa da fuskar aro, kuma labaran tsofaffin tatsuniyoyi ne da kowa ya sani. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci. Tun da 'yan kallo sun san ƙarshen labari, gwanintar marubuci tana ga yadda ya gina halayen mutanen da za su kai kansu ga wannan ƙarshe.

A shekara ta 468, yana da kimanin shekara ashirin da takwas, Sofokilis ya kayar da Eskilus, wanda ya girme shi da kusan shekara talatin kuma shi ne uban fagen a lokacin. Daga nan bai sake waiwaye ba. An lasafta masa wasanni 123, ya ci gasar babban bikin sau 18, kuma bai taɓa zuwa na ƙarshe ba. Eskilus sau 13 ya ci, Yurifidis kuwa sau huɗu kacal a rayuwarsa. Daga cikin wannan tari bakwai ne suka iso cikakku, mafi tsufan kwafinsu na hannu yana birnin Fulorans na Italiya, an kuwa fara buga su a Banis a 1502 miladiyya.

Muryarsa ba ta da ƙarfi, don haka ya bar fitowa da kansa, ya zauna ga rubutu da koyar da 'yan wasa. Ya ƙara yawan 'yan amshi daga goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kuma Aristotal ya shaida cewa shi ya shigo da ɗan wasa na uku. Kada a raina wannan ƙari na mutum guda. Da shi ne ya yiwu mutum biyu su riƙa magana, na uku yana gefe maganar tana cinsa. A cikin Sarki Odifus, manzo daga Korinti yana ba sarki labarin asalinsa da fara'a, a zatonsa albishir ya kawo, sarki yana saurare da ɗoki, sarauniya Jokasta kuwa tana tsaye ta riga ta gane cewa mijinta ɗanta ne. Magana ɗaya, kunnuwa uku, kowa da abin da ya ji.

Ma'aji da sarkin yaƙi

Bai kasance irin marubutan da suke gudun fada ba. A 443 ya zama ɗaya daga cikin ma'ajin kuɗin da garuruwan ƙawancen Atina suke biya, wanda a gaskiya ya riga ya koma gandu. A 441 aka zaɓe shi cikin shugabannin yaƙi goma, ya fita tare da Ferikilis don murƙushe tawayen tsibirin Samos. Wani marubuci ɗan zamaninsa, Iyon na tsibirin Kiyos, wanda ya zauna cin abinci da shi a wannan tafiya, ya siffanta shi da mai daɗin hira da barkwanci, wanda a harkar mulki bai fi sauran dattawan kirki na Atina wayo ko kuzari ba. Wannan shi ne mutumin da ya rubuta Antigoni, wasan da har yau ake ɗauka tamkar tutar masu ƙin bin umurnin sarki. Har ma an ruwaito cewa farin jinin wasan ne ya jawo masa wancan muƙami.

Gawa biyu

Ayas da Antigoni, waɗanda ake sa su cikin mafi dadewar wasanninsa bakwai, dukansu a kan gawa suke juyawa. Ayas jarumi ne a yaƙin Taroya. Da Akilis ya mutu aka ba Odisiyus makamansa, Ayas ya ga an ci masa mutunci, ya fita da dare don ya kashe shugabannin rundunar. Gunkiyarsu Atina ta juya masa hankali, ya auka wa garken dabbobi yana yanka, a ganinsa maƙiyansa ne. Da gari ya waye hankalinsa ya komo, kunya ta rufe shi. Matarsa Tekmesa ta roƙe shi da girman iyayensa da ƙuruciyar ɗansa, ya yi kamar ya saurara, ya keɓe a bakin teku ya faɗa kan takobinsa. Abin lura shi ne, wasan bai ƙare a nan ba. Fiye da sulusinsa gardama ce a kan ko za a yi masa sutura, kuma wanda ya sa baki aka binne shi shi ne Odisiyus, abokin gabansa.

A Antigoni gawar ta Folinisis ce, wanda ya kawo wa garinsu Tibis yaƙi, suka kashe juna da ɗan'uwansa. Sabon sarki Kiriyon, kawunsu, ya yi shela cewa a bar gawar a fili karnuka da tsuntsaye su ci, wanda ya taɓa ta kuwa a bakin ransa. Antigoni ta nemi 'yar'uwarta Ismini ta taya ta, ta ƙi don tsoro, sai ta tafi ita kaɗai ta watsa wa gawar ƙasa. Da aka kamo ta ba ta yi musu ba, ta kafa hujja da dokokin da ba a rubuce suke ba, waɗanda suka girmi kowane sarki.

Ɗalibai sukan yi saurin yanke hukunci a nan, su ce ga mai gaskiya ga azzalumi. Bai kamata a manta ba cewa dokar Atina kanta ta hana binne maci amanar ƙasa a cikin iyakarta, saboda haka 'yan kallo na farko ba za su ji maganar Kiriyon ta farko baƙuwa ba. Mutum ne da ya gaji gari kwana ɗaya bayan yaƙin basasa, yana son ya nuna dangi ba su fi ƙasa ba. Laifinsa ya fara ne daga inda ya mai da kowace shawara cin fuska. Ɗansa Haimon, wanda aka yi wa baiko da Antigoni, ya kawo masa misalin itacen bakin kogi da yake tsira daga ambaliya don yana lanƙwasa, ya kore shi. Sai da makahon boka Tiresiyas ya tsorata shi sa'an nan ya sauko, a lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe: Antigoni ta rataye kanta a kogon da aka rufe ta, Haimon ya kashe kansa, uwarsa ta bi shi. Ita ma Antigoni ba a wanke ta tas ba, domin zafin da ta yi wa Ismini ya wuce kima. Bambancinta da kawunta shi ne ita ba ta sauko ba har ƙarshe, shi kuwa ya sauko a makare, aka bar shi da rai yana kallon ɓarnar hannunsa. Maganar Kiriyon a wasan ta fi ta Antigoni yawa, kuma ana iya cewa nasa rabon ya fi ɗaci. Nelson Mandela ya ba da labari cewa shi ya fito a matsayin Kiriyon lokacin da fursunonin tsibirin Robin suka yi wasan.

Annoba da Sarki Odifus

A 431 yaƙi ya ɓarke tsakanin Atina da Isbarta. Mutanen karkara suka cunkushe cikin ganuwa, annoba ta shigo a 430, ta ɗauke Ferikilis a 429. Masana da yawa suna sa Sarki Odifus cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, kuma lalle wasan da annoba ya buɗe, jama'a sun taru a ƙofar fada suna kuka.

A nan ne masu cewa ƙaddara suke da hujja mafi ƙarfi, domin matsafar Delfi ta riga ta faɗa cewa Odifus zai kashe ubansa ya auri uwarsa, haka kuwa aka yi. To amma a duba zubin wasan. Kisan da auren duk sun auku shekaru da yawa kafin a ɗaga labule. Abin da ake nunawa a fage bincike ne, kuma babu wanda ya tilasta shi. Tiresiyas ya roƙa a bar shi ya koma gida da abin da ya sani. Jokasta ta roƙi mijinta ya bar tone-tone. Tsohon makiyayin da aka ba shi yana jariri ya yar a daji ya ƙi magana sai da aka murɗe masa hannu. Sau uku aka buɗe wa Odifus ƙofar fita, sau uku ya rufe ta da kansa, saboda ya yi wa talakawansa alkawarin zai nemo mai laifi, kuma shi mutum ne da ba ya iya zama da rabin sani. Halin da ya ba shi sarauta, lokacin da ya warware ka-cici-ka-cicin dodanniyar da ta addabi Tibis, shi ne ya tuɓe shi. Da ya tsokale idanunsa da ƙarafunan rigar Jokasta, shi da kansa ya rarrabe wa 'yan amshi abu biyu, cewa masifar daga gunki Afolo take, amma hannun da ya yi sukar nasa ne.

In aka gwama shi da Kiriyon na wasan Antigoni za a ga sarakuna biyu masu saurin fushi, dukansu sun zargi Tiresiyas da cin hanci, dukansu sun ga makirci inda babu. Amma Kiriyon yana toshe kunne ne don kada gaskiya ta shiga, Odifus kuwa yana fushi ne da masu hana ta fitowa. Akwai kuma kuskuren da ya kamata a gyara. Wasannin Tibis guda uku ba littafi ɗaya ba ne mai kashi uku. An rubuta su a tsawon shekara talatin da wani abu, kuma na ƙarshe a labari, watau Antigoni, an yi shi tun da daɗewa kafin na tsakiya. Shi ya sa Kiriyon yake da fuska uku: mai haƙuri marar kwaɗayin sarauta a Sarki Odifus, mayaudari a Odifus a Kolonus, mai taurin kai a Antigoni. Wanda ya nemi ya haɗa su su zama mutum guda zai sha wahalar banza.

Wannan wasa da Aristotal ya riƙa kafa misali da shi a littafinsa na fasahar waƙa, na biyu ya zo a gasa, bayan wani Filokilis, ɗan 'yar'uwar Eskilus, wanda ko wasa ɗaya nasa bai rage ba. Shi kuwa littafin Aristotal ya shiga Larabci a Bagadaza ta hannun Abu Bishir Matta, wanda ya rasu a 940 miladiyya. Da yake Larabawa ba su da dandalin wasa irin na Yunanawa, sai ya fassara wasan ban tausayi da madahu, na ban dariya kuwa da hija'i, watau yabo da zambo, Ibn Rushdi ma ya bi shi a haka. Kuskure ne, amma ba na banza ba, domin tauraron Sofokilis kullum babban mutum ne ko a cikin faɗuwarsa. A Nijeriya, Ola Rotimi ya mai da labarin ƙasar Yarbawa, aka nuna shi a Ife a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, aka buga shi a 1971. Tauraronsa Odewale ya kashe ubansa ne a kan rigimar gona, bayan an yi wa harshen ƙabilarsa ba'a, kuma sunan wasan kansa yana ɗauke laifi daga kan gumaka ya ɗora wa mutane.

Ilektira a hannu uku

Labari guda ne kaɗai ya rage wanda manyan marubutan nan uku duka suka taɓa kuma wasanninsu suka iso, watau na Orestis da 'yar'uwarsa Ilektira, waɗanda suka kashe uwarsu don ɗaukar fansar ubansu Agamemnon. A wurin Eskilus, cikin wasanninsa na 458, nauyin yana kan gida ne da jinin da yake bin zuriya. Ilektira ta ɓace daga fage tun wasa bai yi nisa ba, aljanun fansa suka bi Orestis har sai da aka kafa kotu a Atina. Yurifidis ya sauko da labarin ƙasa, ya aurar da Ilektira ga wani talaka manomi, ya sa ta kama takobin tare da ɗan'uwanta, sa'an nan nadama ta rufe su. Sofokilis kuwa ya tsayar da ita a ƙofar fada kusan daga farko har ƙarshe, cikin tsummoki, ta ƙi daina makoki shekara da shekaru. Ya ba ta 'yar'uwa mai lallashi, kamar yadda ya ba Antigoni Ismini, ya sa ta rungumi tulun da aka ce tokar Orestis ce a ciki tana kuka, alhali shi yana tsaye a gabanta. Aka yi kisan, babu aljanun fansa, babu kotu, aka bar 'yan kallo su auna da kansu abin da ƙiyayya ta mai da ita. Aristotal ya ruwaito cewa Sofokilis yana ganin shi yana zana mutane ne yadda ya kamata su kasance, Yurifidis kuwa yadda suke. Wanda ya karanta Ilektira zai gane cewa girman hali ake nufi, ba kyansa ba.

Tsufa

A 413 rundunar da Atina ta aika tsibirin Sisili ta hallaka kakaf. Cikin ruɗani aka naɗa dattawa goma su riƙe ragamar shawara, Sofokilis yana cikinsu, yana da shekara tamanin da 'yan kai. A 411 aka soke mulkin jama'a aka miƙa gari ga mutum ɗari huɗu, waɗanda mulkinsu bai wuce wata huɗu ba. Aristotal ya kawo labarin cewa an tambayi Sofokilis ko da yardarsa aka yi, ya amsa, aka tambaye shi ko bai ga mugun abu ne ba, ya amsa, ya ƙara da cewa babu abin da ya fi shi a lokacin. Amsa ce irin ta Ismini, daga bakin wanda ya ƙagi Antigoni.

Shekara biyu bayan haka, a 409, ya ci gasa da Filoktitis, kuma da wuya a karanta shi ba a tuna da wancan al'amari ba. Filoktitis maharbi ne da maciji ya sara a hanyar Taroya, abokan tafiyarsa suka yar da shi a tsibirin Lemnos saboda warin gyambonsa da ihunsa. Bayan kusan shekara goma aka gano ba za a ci yaƙi ba sai da shi da bakansa. Eskilus da Yurifidis duk sun yi wasa a kan labarin, amma Sofokilis ne ya mai da tsibirin kango ba kowa, ya kuma haɗa Odisiyus da wani saurayi, Niyoftolimus ɗan Akilis, wanda aka koya wa ƙarya don amfanin runduna. Yaron ya yi ƙaryar, ya sami bakan, sa'an nan tausayi da kunya suka kama shi ya mayar. Odisiyus a nan ba shi ne mai adalcin wasan Ayas ba. Ya zama mutumin da yake ganin bukata tana halatta kome. Shi kuwa Filoktitis, ko da aka yi masa alkawarin warkewa da ɗaukaka, ya gwammace gyambonsa da ya taimaki waɗanda suka wulaƙanta shi, har sai da Hirakilis, mai bakan na asali, ya bayyana daga sama ya umurce shi.

Akwai labarin da ya shahara cewa ɗansa Iyofon ya kai shi ƙara wai tsufa ya taɓa masa hankali, ya karanta wa alƙalai wani yanki na wasan da yake rubutawa, suka sallame shi. Masana da dama suna ganin daga barkwancin masu wasan ban dariya labarin ya samo asali. Wasan dai shi ne Odifus a Kolonus, inda ya kawo tsohon makahon, yana dogara da Antigoni, ya mutu a ƙauyen da shi marubucin aka haife shi. Tsufa bai tausasa Odifus ba. Ya kafe cewa abin da ya yi cikin rashin sani ne, ya la'anci ɗansa Folinisis da ya zo neman goyon baya, sa'an nan aka kira shi, ya shiga kurmi da ƙafarsa ba mai ja-gora, babu wanda ya ga ƙarshensa sai Tisiyus sarkin Atina.

A 406 labarin mutuwar Yurifidis ya iso daga Makidoniya. An ce Sofokilis ya fito gaban jama'a da tufafin makoki, ya sa 'yan amshinsa suka cire furannin kansu. Bayan 'yan watanni shi ma ya rasu, yana da kimanin shekara casa'in. A farkon 405 Aristofanis ya ambace shi a wasansa na Kwaɗi da cewa mai sauƙin hali ne a duniya da lahira. Maƙabartar gidansu tana kan hanyar Dekeliya, inda sojojin Isbarta suka yi sansani, kuma an ruwaito cewa sai da abokan gaba suka ba da izini sa'an nan aka fita da gawarsa. Bai ga faɗuwar Atina a 404 ba. Jikansa, wanda ya ci sunansa, shi ya nuna Odifus a Kolonus a bikin shekara ta 401.